Katantanwar da Na Zaɓo wa Inna

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wadda ta shigo aron rariya sai ta ja kujera ta zauna, wadda ta zo sayen ƙuli sai ta manta da ƙulin. "Binta, yaya Doguwa?" "Binta, wai da gaske ne abin da Talatu take faɗa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, ita kuwa Talatu tana bi gida gida tana ƙara masa gishiri da yaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya, kowa ta ji daga bakin mai shi. Inda rubutun ya karkace a yi haƙuri, hannun da ya saba da muciya ne.

Kun dai san ni, ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni gidan Malam a nan Bebeji, iyakata gidan suna, gidan biki, sai asibiti in ta kama. To sai ga shi Sa'a, 'yata ta biyu, ta sauka a ƙauyen mijinta, can bayan Doguwa a gindin duwatsu. Haihuwarta biyu na farko gida ta zo wanka, wannan ta ukun ta ce a ɗakinta za ta zauna. Mace aka samu, aka kuma aiko cewa sunan Inna za a sa mata. Inna ita ce mahaifiyar Malam, kuma ƙauyen nan a cikinsa aka haife ta, rabonta da shi tun ƙafarta tana iya hawa mota.

Inna ita kaɗai ta rage mai kaɗi a unguwarmu. Duk jika ko tattaɓa-kunnen da aka haifa mata, sai ta kaɗa zare da hannunta an kai wa masaƙi ya saƙa majanyin goyo. Bana kuwa allinta ya ƙare. Ga yaran yanzu da ba su sani ba, alli farar hoda ce da mai kaɗi take dangwalawa a yatsu don ta murza mazari, in babu shi gumi sai ya sa mazarin ya yi ta zamewa. Mutane ƙashi suke ƙonawa su daka. Inna ta ce ita allin ƙashi cin yatsunta yake, ba ta kaɗi sai da na katantanwa, wato gidan dodon koɗi, manyan nan na bakin rafin garinsu.

Ana gobe za mu tafi ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Binta, ban aike ki zuma ba, ban aike ki man shanu ba. Katantanwa nake so, manya. Idona ya fara rufewa. In ban gama majanyin takwarata kafin a kawo ta yawon arba'in ba, ban sani ba ko baɗi zan ga zare."

Na ce, "Inna, in Allah ya yarda ko a ka ne zan ɗauko miki."

Abokiyar tafiyata Talatu ce, ƙanwar Malam, dillaliyar atamfa wadda babu tashar da ba ta san mai shayinta ba. Da ta ga kayana a zaure ta riƙe haɓa. Ban da garar mai jego, na ɗauki matashina, butata, maficina, da ƙaramar tabarmata.

Ta ce, "Matar yaya, suna za mu ko ƙaura? Ai ba sai kin je Doguwa neman dodon koɗi ba, ga ki nan, da gidanki kike tafiya."

Na ce, "Gara ni, ina da gidan ɗauka. Ke da kullum kina titi kamar kwandasta fa?"

Zangonmu na farko Tiga ne, don yayana Isa yana can yana noman rani, kuma ya sha yi mini gori wai ban san ƙofar gidansa ba. Tsakiyar bazara ce, zafin nan da in ka taɓa ƙarfen mota sai ka janye hannu. Amma da muka doshi Tiga sai ga kore shar ko'ina, ruwa yana gudu a cikin kwata kamar ba shi da mai shi. Mu da muke tattalin ruwan randa, har wanda aka wanke shinkafa sai an zuba wa awaki, na ga wata tana wanke tabarma a ruwa mai gudu, sai da raina ya sosu.

Matar Yaya Isa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Su a can kifi ba abin marmari ba ne, har da karin safe shi ne. Mu kuwa sai busasshe, shi ma a gutsuttsura a miya don ƙanshi. Abu ɗaya na ƙi a Tiga, sauro. A Bebeji da bazara sauro hutu yake tafiya, ashe Tiga yake zuwa hutun.

Da gari ya waye, bayan mun yi salla, na gaya wa Yaya Isa aiken Inna. Ya ce in taso mu je lambu kafin rana ta ɗaga. A gefen komin latas ɗinsa ya shimfiɗa wani jiƙaƙƙen buhu. Ya ɗaga shi, sai ga wasu abubuwa a manne, masu santsi, launin toka, kamar majina ta yi ƙaho tana tafiya. Na ja da baya.

Ya yi dariya ya ce, "Dangin dodon koɗi ne, amma su ba su da gida, a tsirara suke. Da damina ba su da kunya, kwana ɗaya sai su kwashe mini iri tun yana yaro. Yanzu kuwa zafi ya ladabtar da su. Jikinsu duk ruwa ne, rana ce ajalinsu, ba sa motsi sai inda yake da laima. Shi ya sa nake shimfiɗa musu buhun nan, su taru a ƙarƙashi, da safe in kwashe wa agwagi. Ban ruwa ma na mayar da shi safiya. Kafin yamma saman ƙasa ya bushe, ba su da hanyar bi. In na zagaye komi da toka kuwa, ko kusa."

Da ya karkaɗe buhun a bokiti, ɗaya ya faɗi a kan simintin kwata, babu wanda ya kula. Muka je muka karya, muka dawo ɗaukar kabejin da ya yankar wa Sa'a. Na duba, sai na ga abin nan ya ƙanƙance ya bushe kamar guntun igiya. Ku riƙe wannan, don a nan na ɗauko karatun da ya kai ni ya baro. A raina na ce, ashe zafi kashe su yake. Ke nan duk katantanwar da na samu da bazarar nan, mai ita ya daɗe da mutuwa.

Na tambaye shi masu gidan fa. Ya ce na wajensu ƙanana ne kamar ƙwayar gyaɗa, kuma tun da zafi ya shigo bai ƙara sa su a ido ba. Manya sai can gindin duwatsu.

Daga Tiga muka fito babban titi muka kama hanyar Tudun Wada, a nan za mu sake mota. Muna jiran ta cika na ga wata dattijuwa mai sayar da zogale da rama, na ce wannan za ta san daji. Na gaishe ta, na sunkuya na ce, "Baba, don Allah ina ake samun katantanwa manya?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi hagu ta dubi dama, ta rage murya. "'Yar nan, in matsalar gida ce, akwai mai magani a bayan tasha. Amma ni shawarata ki riƙe addu'a."

Talatu ta yi dariya har sai da awarar da take ci ta sarƙe ta. Na yi ta rantse-rantse cewa alli za a yi, tsohuwar tana gyaɗa kai tana cewa, "Haka ne, haka ne, Allah ya rufa asiri." Daga nan ban ƙara tambayar kowa ba.

Sai dajin Falgore. Kafin a shiga akwai shinge, jami'ai suka leƙa suka ɗaga mana hannu. Direba ya juyo ya ce, "Mai uzuri ya yi shi yanzu. In na shiga dajin nan ba na tsayawa sai na fita." Ni da ban taɓa ganin wurin da babu gida babu gona ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanto, har ta shiga kasuwa. Itatuwa dama da hagu, ba ƙarshe. Can sai ga birai a bakin titi, wata da ɗanta maƙale a ciki, suna kallon mota kamar suna jiran saƙo. Tsorona ya ɗan sauka. Na taɓa Talatu na ce, "Tashi, ga danginku sun fito tarya."

Ta ce, "Ai kuwa ki gaishe su da ladabi, surukanki ne."

A Doguwa muka hau babur zuwa ƙauyen. Hanya ce ta duwatsu, hawa da gangara. Na ƙanƙame ƙarfen baya na rufe ido, da muka sauka sai da aka ɓamɓare mini yatsu.

Wadda ta tarbe mu ita ce Goggo Dije, uwar mijin Sa'a. Mace ce doguwa siririya, jinin Fulani, danginta suna kiwo suna noma a nan gefen daji. Ranar na ga kunya. Mu ma muna kunyar surukai, amma tasu ta fi ƙarfin tamu. Ta durƙusa na durƙusa, muka yi ta gaisuwa, ta tambayi Inna, ta tambayi Malam, ta tambayi awaki, ta tambayi zafi, ta koma kan Inna. Gwiwata ta fara ciwo ita ko gezau. Duk zamana ba ta dubi tsakiyar idona ba, ba ta ci komai a gabana ba, ba ta kuma taɓa ce mini a'a ba. Ko cewa na yi rana daga yamma take fitowa, "Haka ne, Hajiya," za ta ce. Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba, Hajiya take kirana.

Abincinsu tuwon masara ne da miyar kuka, amma man shanu har yana kwanciya a sama. Fura kuwa nonon ya fi furar yawa, ba irin tamu da ake tsinkawa da ruwa ba. Ɗakin da aka sauke mu na jinka ne, da rana tsaka sanyi kamar cikin randa, na ce ashe mu da kwanon rufi wahala muka saya. An yi suna lafiya. Yarinya tubarkalla, goshin Inna sak, ana kiranta Ummi. Aka ware mini goro mai yawa na rabo in na dawo gida.

Kashegarin suna na ce wa Goggo Dije ga aiken da Inna ta yi mini. Fuskarta ta washe, ta ce tana yarinya ta ga iyayenta suna wannan allin. Talatu ta baje atamfofi a tsakar gida mata sun kewaye ta, don haka mu biyu muka tafi da hantsi.

Rafin ya ƙafe ƙaf, sai yashi da duwatsu masu zafi. Na duba ko'ina ban ga komai ba. Goggo Dije ta wuce gindin wata kanya inda saiwoyi suka fito waje, ta sa sanda ta ture busasshen ganye, ta ɗan tona. Sai ga su. Ta juya wani dutse ta gefen inuwa, ga wasu. Manya, wani ya cika tafin hannu.

Iri biyu ne. Akwai waɗanda rana ta ci, sun yi fari fat, bakinsu a buɗe yashi a ciki, wasu da ɗan tsagu, in ka ɗaga ba nauyi kamar ɓawon ƙwai. Akwai kuma masu sheƙi da zane-zane, masu nauyi, bakinsu a shafe da wani farin abu mai tauri kamar an yi musu yaɓe da farar ƙasa.

To ni 'yar gidanmu ce. Tun ina ƙarama mahaifiyata ta koya mini zaɓe: albasa, kabewa, doya, ƙwai, ki ɗaga ki ji. Mai nauyi shi ne mai kyau, marar nauyi fanko ne. Babu mai kayan miyar da ya taɓa cutata a Bebeji. Na dubi farin abin nan na bakinsu na ce, ga ma allin nan tun ba a ƙona ba. Na tuna kuma da na Tiga da ya bushe a kan siminti. Sai na durƙusa na shiga zaɓe, mai nauyi a zanina, marar nauyi gefe.

Goggo Dije ta miƙo mini wani fari da hannu biyu. Na karɓa, na auna a tafina, na ajiye shi gefe cikin ladabi. Ta miƙo wani, shi ma haka.

Ta dubi ƙasa ta ce, "Hajiya, waɗannan marasa nauyin ma suna da kyau."

Na ce, "Ai Inna ce, Goggo. In taso tun daga Bebeji in koma mata da fanko?"

Ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da tonawa. Can ta ce, "Masu nauyin nan kam, suna da nauyi."

Na ce, "Shi na gani."

Ta ce, "To, Allah ya kai su lafiya."

Da za mu koma ta ce in yi gaba, za ta ɗan tsinci itace. Na taho ina jin daɗi, zanina cike.

Yanzu ga inda abin ya haɗu. Kun san goro ba ya son zafi, sai an naɗe shi a tsumma mai laima ana yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya yanƙwane. Kwando ɗaya gare ni. Na jera katantanwar a ƙasa, na ɗora ƙullin goro a kai, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da yamma na yayyafa ruwa. Da asuba na ƙara. Da za mu hau babur na ƙara. A tashar Doguwa, da na ga yadda rana take, na juye masa rabin butata.

Wajen sallama Goggo Dije ta ba Talatu wani ƙulli mai taushi, ta ce na Inna ne, kar a kwance sai a gabanta. Muka ce auduga ce, don ta leƙo ta bakin ƙullin.

Motar dawowa ƙaramar bas ce. Mu mata muna baya, kwandona a tsakanin ƙafafuna. A kujerar gabanmu akwai wani dattijon malami mai almajirai a wajen Kiru, da carbinsa, ya tuɓe takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera. Muka shiga daji. Zafi ya sa kowa ya yi laushi, Talatu har ta fara gyangyaɗi.

Can ta ce, ido a rufe, "Matar yaya, daina zuba mini ruwa a ƙafa."

Na ce, "Ni ban zuba ba."

"To mene ne wannan mai sanyi?"

Ta ɗaga bakin zaninta. Jama'a, ga wani ƙato a kan idon sawunta, ya miƙe wuya, ya fito da ƙahoni, yana hawa a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Talatu ta ƙwalla ƙarar da ban san tana da ita ba. Na yaye buhun. Kwandon nan gaba ɗaya motsi yake. Wasu sun hau kan goro, wasu sun bi gefen kwando sun sauka, biyu suna jikin ƙofar mota sun bar layi mai ƙyalli a bayansu. Matar da take gefenmu ta ɗage ƙafafu ta ɗora a cinyar maƙwabciyarta tana salati. Wani daga gaba ya ce maciji ne, mota ta ruɗe.

Direba ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ko mene ne ku riƙe shi! Na gaya muku ba na tsayawa a nan!"

Talatu tana ta yarfa ƙafa tana cewa, "Binta, kin kashe ni! Matattu kika ce! Kin ce matattu ne!" Ranar ko matar yayan ba ta tuna ba.

Malamin nan ne kaɗai bai tashi hankalinsa ba. Ya sunkuya ya jawo takalminsa, ya ciro ɗaya daga ciki, ya ɗora a tafin hannu yana murmushi. Ya ce, "Ku kwantar da hankali, ba ya cizo. Baiwar Allah, naki ne?"

Na ce, "Nawa ne, Allah gafarta Malam. Wallahi jiya a mace suke."

Ya ce, "Ba mutuwa suka yi ba. In zafi ya tsananta, mai gidan yakan shige can ƙurya, ya toshe ƙofarsa da yawunsa, yawun ya bushe ya yi fari. Sai ya zauna wata da watanni ba ci ba sha, ruwan jikinsa bai tsere ba, yana jiran sama. Ke kuma kin yi ta yi musu yayyafi. Sun ɗauka damina ce ta sauka."

Mota ta kwashe da dariya, har direba. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Na matsa na gaya masa abin da za a yi da su, na ce ko ya halatta a sa su a wuta haka.

Ya girgiza kai. "A'a. Ba a ƙona mai rai da wuta. In fankon kika samu, wannan ba laifi."

Fankon. Wanda na zauna na tsince ɗaya bayan ɗaya na watsar a gindin kanya. Sai a lokacin maganar Goggo Dije ta dawo mini, masu nauyin nan suna da nauyi. Baiwar Allah ta gaya mini iyakar yadda kunya ta bar ta, ni ce ban ji ba. Na tuna idon Inna, na tuna arba'in saura wata guda, ga shi mun baro Doguwa a baya. Na bi su ɗaya ɗaya ina mayarwa cikin kwando, hawaye yana neman zubo mini.

Da muka fito daga daji aka tsaya a shinge. Wani jami'i, mutumin kudu, ya leƙo ya ga kowa ƙafa a sama. Ya dubi kwandon, sai ya washe baki ya kira ɗan'uwansa. Da 'yar Hausarsa ya ce a garinsu wannan naman manya ne, sai babban baƙo ake dafa wa. Ɗayan ya ce, "Hajiya, kin san an hana fitar da namun daji daga nan?" Na fara rantsuwa, sai na ga dariya yake. Na farkon ya ce in ba na so in bar masa.

Talatu ta ce, "Ba shi! Don girman Allah ba shi, har kwandon!"

Na kusa miƙawa. Sai na ce a raina, in shiga wajen Inna hannu biyu? Ko ba komai ta ga shaidar na je bakin rafin. Na ba shi haƙuri, na ɗaure bakin kwandon da ɗankwali na rungume shi a cinya har Bebeji. Talatu ta koma can jikin taga, ba ta ƙara yi mini magana ba sai a zaure.

La'asar sakaliya muka shiga gida. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, mazari da auduga a gefe, kamar tun da muka tafi take jira. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta labarin takwararta da goshinta. Ta saurara, sannan ta ce, "Aikena fa?"

Na tura kwandon gabanta na kwance. Na ce, "Inna, na yi ɓarna." Na faɗa mata komai, tun daga zaɓen har motar, Talatu tana cike inda na tsallake.

Inna ta yi dariya har tari ya kama ta, sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, "Kin je garin mutane kin kwaso su da masu gidan a ciki! Ai laifina ne, ban gaya miki ba. Na ɗauka kowa ya sani. Muna yara ko taɓa mai farar ƙofa ba a bari mu yi, a ce mai gida yana barci." Ta lalubi ɗaya ta ɗora a hannunta. Ya ɗan noƙe, sannan ya fito da ƙahoninsa ya fara bin tafinta. Ta kawo shi kusa da idonta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sannunku da hanya, mutanen garinmu."

Ta sauke shi, ta shafa mazarinta, ta ce, "Ba komai, Binta. A ƙona mini ƙashi, in yatsun sun yarda." Wannan ba komai ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Sai Talatu ta tuna da ƙullin. Ta ce, "Inna, ga saƙon Goggo Dije, auduga ce." Inna ta kwance, ta sa hannu tana yaba laushin audugar, sai ta tsaya. Ta zaro wani abu fari. Ta sake zaro wani. Katantanwa ce, marasa nauyin nan, kowace an naɗe ta a auduga don kar ta fashe. Har mai ɗan tsagun da na fara ajiyewa gefe na gane ta. Ashe itacen da Goggo Dije ta tsaya tsinta ke nan.

Inna ta ɗaga ɗaya ta kaɗa a kunne, ta ce, "Yauwa. Wannan 'yar mutunci ce. Ba ta kunyata ki a can ba, ba ta bar ki kin kunyata a nan ba."

Kashegari muka ƙona su a garwashi, na daka na tankaɗe, alli ya fito fari sol. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo mazarin Inna yana juyawa, zare ya kusa isa kai wa masaƙi, kuma da audugar garinsu take yi.

Masu ran kuwa Inna ta ce baƙinta ne. Na zuba su a bayan ɗaki gindin lemo, na zagaye ɗan alayyahona da toka yadda Yaya Isa ya nuna mini, na kuma daina ba su ruwa. Kwana uku kowa ya shige ya rufe farar ƙofarsa. Talatu ta leƙa ta ce, "Kin ga, matar yaya, sun yi tafiya ɗaya sun koma ɗaka. Ashe da gaske danginki ne." Ban musa ba.

Jiya mijin Sa'a ya zo kasuwa ya biyo gaishe mu. Na ba shi saƙo ya kai wa mahaifiyarsa, albasa ce cikin kwandon nan, ni na zauna na zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Da wata magana da zan faɗa mata?"

Na ce, "Babu. Ka ce dai ta ɗaga ta ji."